Fuskar da Na Ba Noemia

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyara wa mutane fuska, kuma a cikinsu babu wanda ya roƙe ni. Yawancinsu har suka koma ga Mahalicci ba su san hannuna ya taɓa su ba. Abin da suka sani shi ne na'urar Kawu Amilcar tana da albarka: mutum ya shiga shagonsa da kumburin haƙori, ya fito a hoto kamar ango.

Kawu Amilcar ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ne mai hoto a garinmu da ƙauyukan da ke maƙale a duwatsun da suka kewaye mu, can arewacin Fotugal kusa da iyakar Sifaniya. Shagon yana bakin dandali, daidai inda motar haya ke sauke mutane. A gaba akwai labule mai zanen lambun da babu irinsa a ƙasarmu, da kujera mai hannu, da dokin katako mai kunne ɗaya. A baya akwai ɗakin duhu, sai tebirina a jikin taga, da kaskon garwashi a ƙarƙashinsa don ƙafafuna. Har yau idan na ji ƙamshin gasasshiyar kastanya, wani ɗan itace mai ɓawo da ake gasawa da sanyi, tebirin nan nake tunawa, da mata masu baƙin mayafi suna layi a waje ranar kasuwa suna tofa yawu a tafin hannu suna kwantar wa yara gashi.

Aikina a kan nagatif nake yin sa, wato baƙin hoton da ake wanke farin daga jikinsa. In shafa masa ɗigon man ƙaro don fensir ya kama, in fere fensirin har bakinsa ya zama kamar allura, sannan in bi fuskar da ɗigo-ɗigo. Ƙuraje su ɓace, tamoji ya ragu, ramin kunci ya cike. Reza kuwa Kawu ya hana ni taɓawa, ya ce abin da aka kankare ba ya dawowa, amma fensir ana goge shi.

"Idalina," in ji shi tun ranar da na fara, "ba mutum hotonsa ba gyara daidai yake da ba baƙo abinci a kwanon da ba a wanke ba. Kuma mai wanke kwano ba ya shela."

Saboda haka ba ma tambaya, ba ma faɗa. Duk fuskar da ta shigo sai ta bi ta tebirina, daga ta limamin coci har ta mai kiwon awaki. Ladabi muka ɗauke shi, kuma ina alfahari da hannuna, ba zan ɓoye ba.

Wata ranar kasuwa a watan Nuwamba na 1972, wata matashiya ta shigo daga ƙauyen Fraguedo da yarinya a naɗe cikin mayafi. Zulmira sunanta. Sai da ta bari kowa ya gama ya fita, sannan ta zaunar da yarinyar a kan kujera mai hannu ta cire mata hula.

Na fito daga baya da kofin shayin Kawu, na tsaya cak.

Yarinyar ba ta fi shekara biyu ba. Idanunta sun gangaro ta gefe kamar rufin ɗaki, fatar idon ta ƙasa tana da ɗan tsagu, babu gashin ido a wajen. Inda ƙashin kunci ya kamata ya taso babu shi, fuskar ta lotsa daga ido har baki. Haɓarta ƙarama ce, ta ja da baya sosai, shi ya sa hancin ya zama kamar ya yi mata yawa. Kunnuwa kuwa 'yan dunƙulen nama ne guda biyu, kamar ganyen da bai gama buɗewa ba. Amma gashinta baƙi wuluk mai santsi, kuma cikin idanun nan akwai wayo. Ta kalli bakin Kawu, ta kalli nawa, ta hango dokin katako, sai ta miƙa hannu tana dariya mai ɗan shaƙewa.

"Sunanta Noemia," in ji Zulmira. "Ba ta ji sosai, sai kun tsaya a gabanta."

Kawu mutum ne da ya ga fuskoki iri-iri. Ya yi gyaran murya ya ce, "Mayar mata da hular, 'yata, akwai sanyi."

"A bar ta haka, Senhor Amilcar."

"To ki sauko mata da gashin nan gefe-gefe."

Maimakon haka sai ta zaro ƙarfen kama gashi daga nata kan, ta tattare gashin yarinyar ta maƙale shi baya, kunnuwan suka fito fili. Na ce a raina, baƙauyiya dai baƙauyiya ce, ko yadda ake rufa wa ɗa asiri ba ta sani ba.

"Ubanta za a aika wa," ta ce. "Yana Faransa. Bai taɓa ganinta ba."

Ba mu tambayi dalili ba, don kowa ya sani. Lokacin ana kwasar samari ana kai su yaƙin Afirka, wanda ba ya so sai ya tsallaka duwatsu da ƙafa ya shige Faransa, kuma idan ya tsallaka ba shi da halin dawowa, kurkuku na jiransa. Mijinta Albano ya tsallaka ya bar ta da ƙaramin ciki.

Tausayi ya kama ni, kuma tausayi a hannun mai fensir abin tsoro ne. Kwana uku na yi a kan nagatif ɗin nan. Na cike mata kunci, na tallafo gefen idanun, na jawo haɓar gaba, na zana mata kunne guda wanda har Kawu ya ɗauko gilashinsa ya duba ya girgiza kai. Da aka wanke, na sa buroshi mai gashi uku na dasa mata gashin ido a kan takardar. Yarinya ta fito kamar 'yar tsanar coci. Ban taɓa aiki mai kyansa ba, kafin nan da bayan nan.

Kasuwa ta zagayo, Zulmira ta dawo, amma ba ita kaɗai ba. Tare take da surukarta, Goggo Deolinda, doguwar tsohuwa mai baƙaƙen kaya wadda takabarta ta ƙi ƙarewa. Tsohuwar ce ta fara karɓar hoton. Ta daɗe tana kallo, ta ɗago ta dubi Kawu, shi kuma ya shiga goge gilashin na'ura da babu ƙura a kai.

"Haka take," in ji Goggo Deolinda. Ta zura hoton a ambulan da ta zo da shi da adireshi a rubuce, ta lashi bakin ambulan ta manne, ta nufi gidan waya.

Zulmira ta tsaya da ɗayan kwafin a hannu.

"Wannan 'yar wa ce?" ta tambaye ni a hankali.

"Taki ce mana."

"Rigar tata ce. Ni na ɗinka."

Kawu yana bayana, ina jin idonsa a ƙeyata. Na buɗe baki na yi ƙaryar da har yau take mini ɗaci. Na ce, "Haka na'ura ta ɗauka."

Ba ta yi gardama ba. Ina za ta san akwai fensir a duniyar hoto? Ta zauna a kan dokin katako, ta yi magana kamar da kanta take.

"Ni ban iya rubutu ba, 'yar'uwa. Wasiƙa malamar makaranta ke rubuta mana, Inna, surukar tawa, na zaune tana faɗa mata: yarinya lafiya, yarinya kyakkyawa. Adireshin ma a ƙirjinta take ajiye shi. A ƙauye wasu na cewa makulli na rataya a ƙugu ina da ciki, shi ya sa. Wasu na cewa a gidansu Albano ba a taɓa haifar irin wannan ba, a binciki inda na samo. Sai na ce hoto dai ba ya ƙarya. Ya gan ta daga nesa, in fushi ne ya yi, in kuka ne ya yi, ya gama can a Faransa inda ba ta gani. To ga shi na'urar ma ta bi bayansu."

Da ta fita, Kawu ya ce, "Kin yi daidai. Ranar da ƙauyukan nan suka san ana taɓa musu fuska, kowace amarya da ke rataye a bango ta zama abin dariya."

Amma ni na san abin da na yi. Garin gyaran gira na tsone ido.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan wata biyu Goggo Deolinda ta dawo da fara'a, wai Albano ya aiko da 'yar tsana mai rufe ido, wai duk abokan aikinsa sun ga hoton sun ce ya haifi sarauniya, yana son a wanke masa babba da zai rataya. Ni ɗin dai na wanke, na sake dasa gashin idon ɗaya bayan ɗaya. Na tsani tsohuwar nan a ranar, na tsani kaina fiye da ita.

Shekara ɗaya da rabi ta wuce. A watan Afrilu na 1974 sojoji suka kifar da gwamnati, aka ce yaƙi zai ƙare, aka ce waɗanda suka gudu su dawo ba mai taɓa su. Gari ya rikice da murna, matan da suka shekara huɗu suna kwana su kaɗai suka shiga shafa wa ɗakuna farar ƙasa.

Cikin watan Yuli Zulmira ta leƙo shagon. Kawu ya tafi ɗaukar wani biki. Noemia na riƙe da gefen zaninta, ta yi tsawo, ta hau dokin katako ba tare da neman izinin kowa ba.

"Ran goma ga Agusta zai sauka," in ji Zulmira. "Ta iya cewa baba yanzu. Kullum sai ta sumbaci hotonsa na aure kafin ta kwanta."

"Ai abin murna ne."

"Idalina, ba tsoron ya sake ni nake ba. Na yi shekara huɗu ina noman dankali ba shi, zan iya arba'in. Fuskarsa nake tsoro. Yarinyar nan kunnenta bai kai ba, fuskar mutane take karantawa, kuma ba a yi mata ƙarya. Ta saba da ta 'yan ƙauye. Amma in ta ruga ta tare shi, ya dube ta, fuskarsa ta yi abin da ta kowa ke yi..."

Ba ta ƙarasa ba. Na kama hannunta na ja ta baya, wurin da baƙo bai taɓa shiga ba. Na nuna mata tebirin, da fensirin, da man ƙaro. Na ɗauko nagatif ɗin wata amarya na karkata shi ga hasken taga, ta ga yadda zanen fensir ke ƙyalli a kan kunci.

Ta daɗe tana kallo. "Ashe hannu ne," ta ce. "Hannunki."

"Hannuna."

Na zata za ta mare ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Yana goguwa?"

"Yana goguwa."

"To goge. Wasiƙa ba za ta same shi ba yanzu, kuma ranar da zai zo Inna ta ce a gida za mu jira shi, za a yanka ɗan akuya. Amma motar a ƙofarku take tsayawa. Ke kika ba shi waccan, ke za ki ba shi wannan."

Kawu ba ya jera nagatif bisa shekara kamar masu hoton birni. Gida-gida yake ajiye su, kowane gida da ambulansa, don ya ce mutum ba ya tuna shekara amma ba ya manta gidansu. Na sauko da akwatin Fraguedo na buɗe ambulan gidan Goggo Deolinda. Na Noemia na sama. Na jiƙa auduga da mai na bi fuskar, aikin kwana uku ya tafi cikin minti ɗaya, yarinyar ta dawo.

Ina mayar da sauran sai hannuna ya ji nauyi a ƙasan ambulan. Tsohon nagatif ne na gilashi, irin na da, an rubuta 1946 a gefensa. Jaririya ce kwance cikin ɗan akwati, da farar riga da furanni. A wancan zamanin in jariri ya rasu akan kawo shi a ɗauki hotonsa kafin a binne, don shi ke nan abin da uwa za ta riƙe. Na karkata gilashin ga taga bisa sabo. Fuskar gaba ɗaya ƙyalli take, fensir a kan fensir, kuma na san hannun.

Ban nemi izini ba. Na sa auduga.

Idanu masu gangarowa. Kunci a lotse. Haɓa 'yar mitsitsiya. Da ba don shekarar da ke rubuce ba, da na rantse Noemia ce tana jaririya.

Kawu ya dawo ya tarar da gilashin a kan tebir. Ya cire hularsa ya zauna, ya tsufa a gabana cikin ɗan lokaci.

"Alzira," ya ce. "'Yar farin Deolinda. Kwana arba'in ta yi, ba ta iya kama nono ba, numfashi ma da ƙyar. A rufe aka yi jegonta, ba wanda ya gan ta sai ungozoma. Deolinda ta kawo ta nan ta ce in ba ta fuskar da za ta iya ratayawa a bango. A duk ƙasar nan ita kaɗai ta san akwai fensir."

"Ta sani kenan. Ta sani, ta bar ƙauye na cin naman Zulmira."

"Tsoro ne, Idalina. Ita ma makulli aka ce mata a lokacin, uwar mijinta ce ta faɗa."

"Zan nuna wa Albano."

"Za ki rufe mana shago."

"To a rufe."

Ya tashi ya bar ni a tebirin. Amma da na shiga ɗakin duhu na tarar ya riga ya haɗa mini ruwan wankin hoto. Shekaru bayan haka wani likita a birnin Porto ya gaya wa Zulmira sunan abin, Treacher Collins, ya ce ƙasusuwan kunci da muƙamuƙi da kunne ne ba sa gama ginuwa tun a ciki, hankali kuwa lafiya lau. Ya ce yakan bi jini, wani ya fito masa sosai, wani kaɗan har ba a lura. Mu a ranar ba mu da likita, gilashi ɗaya muke da shi.

Ran goma ga Agusta motar ta iso da hantsi, rana na dukan dandali. Na gane shi nan take, don ni na gyara hoton aurensa. Ya yi ƙiba, ya tara gashi har kafaɗa irin na samarin Paris, ga akwati biyu da ƙaramin keke mai ƙafa uku a rataye a wuya.

"Albano na Goggo Deolinda?" na tambaye shi.

"Shi ne. Ke ce 'yar shagon hoto ko? Zo in gode miki." Ya ajiye akwati ya zaro walat. Hoton ya yi laushi don yawan fitarwa, gefensa duk siminti. "Shekara biyu tana aljihuna. Wani ɗan Aljeriya har ya yi mata kamu wa ɗansa, na ce ya fara tara shanu."

"Shigo ka sha ruwa. Zulmira ta ba ni saƙo."

Na zaunar da shi a kujera mai hannu. Ban iya kewaye-kewaye ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce masa hoton da ke walat ɗinsa ni na zana shi da fensir, matarsa ba ta sani ba, ba ta so ba. Na miƙa masa na gaskiyar.

Na ga abin da Zulmira ke tsoro. Bakinsa ya buɗe, hancinsa ya tattare, kansa ya ja baya kamar an miƙo masa wuta. Daƙiƙa biyu ne, amma da a gaban yarinyar aka yi su, da sun ishe ta har tsufa.

"Wane irin wasa ne wannan? 'Yar wa ce?"

"Taka."

"Ƙarya kike. A gidanmu ba a haifar..." Ya miƙe, keken ya faɗi. Ya faɗi maganganu a kan Zulmira waɗanda ba zan maimaita ba, ya zage ni, ya zagi shagon da wanda ya gina shi.

"Faɗi duka," na ce. "Don haka na shigo da kai. Ka zubar da shi nan, kada ka kai Fraguedo."

Sannan na miƙa masa na biyun. Ya dubi ɗan akwatin, da furannin, da farar rigar. Ya san su, a ƙarƙashin wannan hoton ya girma, yana rataye saman gadon uwarsa. Fuskar ce kawai bai sani ba.

"Yayarka ce," in ji Kawu daga bakin labule. "Haka Allah ya yi ta. Waccan ta bangon ni na yi ta."

Albano ya jera hotunan biyu a gwiwarsa. Can sai na ga hannunsa ya tashi da kansa, ya shiga ƙarƙashin gashin nan mai yawa, ya tsaya a kunnen hagu. Na san abin da ke wurin. Ƙaramin kunne ne a naɗe, ni na buɗe masa shi da fensir a hoton aure, na kuma ɗaga masa gefen ido ɗaya ban ko yi tunani ba.

"Akwai inda mutum zai zauna shi kaɗai?" ya tambaya.

Na buɗe masa ɗakin duhu. Da muka fara jin sautin kukansa ta cikin ƙofa, Kawu ya juya allon shago zuwa rufe, ya ƙure rediyo. Muka zauna muna sauraren farashin dankali da waƙoƙin sojoji har aka buga ƙararrawar ƙarfe uku. Zulmira ta so ya samu shekara guda a Faransa ya gama kukansa. Saboda ni, awa huɗu ya samu a ɗaki mai warin ruwan wanki.

Da ya fito ya wanke fuska a famfon da muke ɗauraye hotuna. Ya tsaya gaban madubin da amare ke gyara lulluɓi, ya ɗaga hoton Noemia, ya kalle shi, ya kalli fuskarsa a madubi. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya yi haka ya fi sau ashirin, har fuskar ta daina motsi, har daga baya ta fara sakin wani abu mai kama da murmushi.

"Senhor Amilcar, kana da almakashi?"

Kawu mai hoto ne, ba wanzami ba, kuma askin ya nuna haka. Albano ya fita da kai kamar gonar da awaki suka shiga, kunnen hagu a waje, ya saɓa kekensa ya kama hanyar Fraguedo.

Kwana shida ban ji komai daga Fraguedo ba. Ranar kasuwa ina tebirina sai na ji ana jan dokin katako a gaba. Na fito na gan su: Noemia a kan doki, Albano durƙushe a gabanta yana mata magana baki buɗe a hankali, Zulmira a tsaye, Goggo Deolinda a can bakin ƙofa kamar wadda aka jawo da igiya.

Zulmira ta matso kusa da ni, ba ta gaishe ni ba.

"Ta hango shi daga kan gada ta ruga," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni na kasa kallo, na kuma kasa rufe ido. Ya durƙusa. Ta tsaya tana karanta shi, kin san yadda take yi. Bai ko ƙifta ba. Sai ya juya mata kansa. Ta taɓa kunnensa, ta taɓa nata, ta ja shi ta je nuna masa akuyarta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Idonsa a kumbure yake, na san ya yi kukansa a wani wuri. Ban tambaya ba."

Kawu ya jera su gaban labulen lambu. Kafin ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, Albano ya nuno ni da yatsa. "Ke, mai fensir. Hannu a aljihu."

"Ko askin ba za a gyara ba?"

"Musamman askin. A bar wa jikoki su ga abin da kawunki ya aikata."

Suka fita sayen takalmi, amma tsohuwar ba ta bi su ba. Na shirya mata maganganu tun kwana da kwanaki, masu zafi, na jera su tsaf. Ta tako har tebirina, ta dubi fensirin, ta dubi taga.

"Albano ya ce akwai wani hoto," ta ce. "Na Alzira. Ya ƙi nuna mini, wai in zo in roƙa da bakina."

Na buɗe aljihun tebir na miƙa mata. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa. Ta sa babban yatsa ta shafa ɗan kunnen, ta shafa haɓar.

"Shekara ashirin da takwas ina wa 'yar wani addu'a a bango," ta ce. "Na yi ta ƙoƙarin tuno tawa, sai waccan ta riƙa zuwa."

Duk maganganun da na tanada suka gudu. Na jawo mata kujerata, na tura mata kaskon da babu wuta a ciki don ta ɗora ƙafa. Ta zauna a jikin taga da hoton a cinyarta, ba ta tashi ba har kasuwa ta watse.